Bayan kin kai rahoton yaro, wa ya zauna da ke?

Nas a Bradford

Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'aikatan lafiya. Shekarata biyu da rabi a sashen gaggawa na yara a nan Ingila. Kwanakin baya aka kawo wani jariri da zazzaɓi, ina cire masa riga sai ga shatin yatsu a haƙarƙarinsa. Ƙa'idarmu a fili take: jaririn da bai fara rarrafe ba ba ya ji wa kansa irin wannan ciwo, dole a kira babban likitan yara da jami'an walwalar yara na ƙaramar hukuma. Na kira. Uwar ta riƙe hannuna tana kuka, tana roƙona in rufa mata asiri don Allah. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Yanzu an sa mini ranar zama da nas ɗin da ke kula da sha'anin kare yara a asibitinmu, gabana sai faɗuwa yake, ban sani ba ko tuhumata za a yi. Waɗanda suka taɓa shiga wannan hali, a nan ko a gida, me ya biyo baya? Don Allah kada kowa ya ambaci sunan marar lafiya ko asibiti.

Anti mai ziyarar gida

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, ba kotu za ki ba. Ni aikina ziyarar masu jego da yara 'yan ƙasa da shekara 5, kuma duk wata uku sai na yi irin wannan zaman, ko da abu ya faru ko bai faru ba. Za ta tambaye ki me kika gani, me kika rubuta, me ya tsaya miki a rai. Tambayar ƙarshen nan ita ce ta fi yi mini amfani.

Akwai wani gida da na yi ta zuwa kusan shekara. Matar tana karɓata hannu biyu, ga shayi ga hira, tana kirana Anti. Akwai wata yarinya a gidan da aka ce 'yar riƙo ce daga gida, kullum a kicin, ba ta ɗaga kai. Ni da na tashi a gidan da ake riƙo, idona bai ga komai ba. A wajen zaman ne mai duba aikina ta ce, "Sau huɗu kin ambaci uwar gidan, yarinyar ba ki faɗi ko sunanta ba. Kin taɓa jin muryarta?" Wallahi jikina ya yi sanyi. A dokar nan, yaron da bai kai shekara 16 ba, in zai zauna kwana 28 ko fiye a hannun wanda ba iyayensa ba kuma ba ɗan'uwa na kusa ba, sai an sanar da ƙaramar hukuma. Ba a sanar ba, ni kuma kunya da ganin mutuncin matar sun hana ni tambaya.

Su ma nan ba banza suka kafa wannan tsari ba. Victoria Climbié 'yar Kwaddibuwa ce, 'yar'uwar kakanta ta ɗauko ta da sunan za ta sa ta makaranta a Turai. A 1999 asibitoci biyu a Landan sun kwantar da ita, a ɗaya aka ce ƙazuwa ce, aka mayar da ita gida. Ta rasu a watan Fabrairun 2000 tana da shekara 8, da raunuka 128 a jikinta. Rahoton Laming, wanda ya jagoranci binciken mutuwarta, ya fito a 2003, dokar yara ta 2004 ta biyo baya. Mutane da yawa sun ga yarinyar, kowa ya ɗauka wani ne zai yi magana. Ke kin yi magana.

Ungozoma, Kano

Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lada. Ina karanta na Anti sai na ji hawaye, don mu nan babu mai tambayar ki abin da ya tsaya miki a rai. Da daddare aka kawo mini yarinya, ba ta kai shekara 10 ba, an yi mata fyaɗe. Aikin na sani: a dubata, a rubuta komai, a ba ta maganin kariya daga ƙanjamau kafin awa 72 su wuce, a tura ta cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. Kafin gari ya waye baffanninta sun cika baranda, wai magana ce ta cikin gida, mai unguwa zai sasanta, kada a ɓata wa yarinya suna ta rasa miji. Ɗayansu har ya tambaye ni a wace unguwa nake. Da na sami shugabarmu sai ta ce in yi haƙuri, haka aikin yake. A wajen alwala na yi kukana, na wanke fuska, na koma na karɓi haihuwa biyu.

Dokokin tarayya muna da su, ta haƙƙin yara ta 2003 da ta hana cin zarafi ta 2015. Amma wadda ta riƙe yarinyar ita kaɗai take komawa gida da abin. Har yau in 'yata ta yi jinkirin dawowa daga islamiyya sai na fita ƙofar gida na tsaya.

Malam na sashen jarirai

Hajiya ungozoma, Allah ya saka. Nawa ta ɗaya gefen ne. Wata abokiyar aikina ta ga wani tabo mai shuɗi-shuɗi a gadon bayan jariri baƙar fata, ta tayar da magana cewa duka ne. Tabon haihuwa ne, irin wanda yaranmu da na Asiya da yawa ke zuwa da shi. Kafin a tabbatar, iyayen sun kwana cikin zargi. A zaman rukuni muka kawo maganar ba tare da an muzanta kowa ba, aka tsayar cewa a riƙa rubuta irin wannan tabo a littafin jariri tun ranar haihuwa. Ni ma a nan na yi musu bayanin shatin ƙaho da tsagar wanzami, su kuma suka tuna mini cewa sanin al'ada ba ya hana a bincika.

Yaya mai kula da tsofaffi

Kada dai a ɗauka ko'ina lafiya lau ne a nan Ingila. Wani dattijo da nake kula da shi, ɗansa ya karɓe katin bankinsa, firij babu komai, ga sanyi an kashe abin ɗumama ɗaki. Na kai rahoto kamar yadda dokar kula da manya ta 2014 ta tanada. Ɗan ya kira ofis ya ce in ya gan ni sai na gane kurena. Zaman da aka yi da ni minti goma ne, a tsaye, manaja tana cike takarda tana duba waya. Washegari aka sake tura ni gidan ni kaɗai. Sai da na rubuta a takarda cewa ba zan koma ba sai da abokin aiki, sannan aka saurare ni. Ƙanwata, ki nemi a ba ki kwafin abin da aka rubuta, kuma in a tsaye za a yi miki, ki ce a sa wata rana.

Nas a Bradford

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Yau muka zauna, awa ɗaya, ƙofa a rufe. Ta duba rubutuna ta nuna mini wuri guda da na sa "da alama an matse shi", ta ce nan gaba in rubuta girma da launi da wurin tabon kawai, in sa kalaman uwar yadda ta faɗe su. Sannan na gaya mata maganar rufin asiri, da yadda nake jin kamar na tona wa mace 'yar'uwata asiri. Ta tambaye ni ko an sami wanda ya keɓe da uwar ya tambaye ta ita ma ko lafiya take a gidan. Ban tambaya ba, mijin yana tsaye kanmu. Nan take ta kira jami'ar da ke riƙe da maganar.

Hajiya ungozoma, ku nawa ne a ɗakin haihuwarku da za ku iya keɓe ko rabin awa a wata? Zan turo miki tambayoyin da ta yi mini, na rubuta su tun kafin in manta.