Takardar CHEW gare ni, zan iya buɗe ɗakin karɓar haihuwa a gida?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Na yi karatun CHEW, wato aikin kula da lafiyar al'umma, na kuma yi aikin sa-kai a ɗakin haihuwa na asibitin sha-ka-tafi na garinmu, amma har yau ba a ɗauke ni aiki ba. Da aure ya kawo ni Kano sai matan unguwa suka gano ni, tsakar dare ka ji ana buga ƙofa wai wance na kan gwiwa. Alhamdu lillahi, ba a taɓa samun matsala a hannuna ba. Yanzu maigida ya ce a gyara shagon ƙofar gida a sa gado biyu, in riƙa yin awo da karɓar haihuwa ana biyana. Lasisina ya isa ko da sauran abin da zan nema?

Maman 'yan biyu: Ke dai ki yi bismillah. Ungozomar unguwarmu ko aji ɗaya ba ta shiga ba, rabin yaran layinmu ita ta yanke musu cibi. Balle ke mai takarda.

Ungozoma mai ritaya: Wa alaikumus salam. 'Yata, kada ki buɗe. Ke hukumar ma'aikatan lafiyar al'umma, CHPRBN, ita ta yi miki rajista. Ungozoma kuwa tana ƙarƙashin hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa, NMCN, wadda aka kafa a 1979. Gaskiya ne tsarin da gwamnatin tarayya ta fito da shi a 2014 ya ba CHEW da aka horar damar karɓar haihuwar da ta zo lafiya, amma a cikin asibiti, inda akwai na gaba da ita da hanyar tura mai naƙuda babban asibiti. Ko mu masu RM, wato ungozomomi masu rajista, dokarmu ba ta yarda mu buɗe gidan haihuwa ba sai mun yi shekara 5 muna aiki a asibitin da aka sani, kuma sai da likitan da za a samu kowane lokaci in abu ya rikice.

Haihuwa mai sauƙi kowa gwani ne a kanta. Ranar da mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini ya ɓalle har ya jiƙa katifa yana ɗiga ƙasa, ko mace ta kama jijjiga idonta ya kakkafe, me za ki yi a shago? Ina jinin ƙari, ina motar? Allurar naƙudar ma sai a firiji take zama, zafin shago kashe mata ƙarfi yake. Dangin da suke yi miki godiya yau, su za su kira miki 'yan sanda.

Wani ɗan uwa mai kemis: Hajiya ta gama magana. A Kano ma akwai PHIMA, masu yi wa asibitoci masu zaman kansu rajista, kuma suna zagayawa suna garƙame wanda ba shi da izini. Ni kaina lasisin kemis ɗina bai ba ni damar yin allura ba, balle ƙarin ruwa.

Maman 'yan biyu: To matan da ba su da kuɗin asibiti fa, a bar su su haihu su kaɗai?

Ungozoma mai ritaya: A'a 'yar uwa. In an buga mata ƙofa ta tashi, ta duba, ta raka su asibiti, lada ma ya fi yawa. Abin da na hana shi ne ta kafa gado tana karɓar kuɗi.

Wata nas: Ƙanwata, tunda hannunki ya faɗa, ki koma makaranta. Karatun ungozoma na asali shekara 3 ne, ki ci jarrabawar NMCN ki zama RM. Kafin ki biya ko kwabo, ki duba sunan makarantar a jerin waɗanda hukumar ta amince da su, don makarantun bogi sun yi yawa, yara su gama a ce ba za su zauna jarrabawa ba. Kuɗin gyaran shagon nan, ki lallaɓa maigida ya mayar da shi kuɗin makaranta. Kafin nan ki tabbata lasisinki na CHEW bai ƙare ba, ki kai takardunki asibitocin kuɗi masu rajista, suna ɗaukar irinku.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Anti nas, in an fara sayar da fom don Allah ki taɓa ni.