Neman kalma: me za mu kira kalmar Faransanci "basse pression" da Hausa?

Mai fassara, Garwa: Salamu alaikum malamai. Ana son a mayar da bayanin murhun ɗumama gida mai aiki da gas ɗin furofan, irin na ƙasashen sanyi, zuwa Hausa. In aka ce "ƙarancin gas" a madadin "basse pression", ya yi?

Mai haɗa bututun gas, Injamena: Wa alaikumus salam. Malam, bai yi ba. Tanki kan kasance da gas har rabi, murhu ya ƙi kamawa. Furofan ruwa ne a cikin tanki, sai ya zama tururi yake bin bututu, zafin da ke tafasa shi kuma ta jikin ƙarfen yake shiga. In sanyi ya tsananta ko ruwan ya yi ƙasa sosai, tururin ba ya isar murhu, har raɓa ta daskare a jikin tankin. Gas na nan, ƙarfin tura shi ne ya faɗi. Ni "raunin turi" zan ce.

Malamin kimiyya, Marwa: "Matsi" fa, Alhaji? Shi ɗalibai suka sani.

Mai haɗa bututun gas, Injamena: A aji ya yi, Malam. Amma ka ce wa maigida matsi ya ragu, sai ya ɗauka sauƙi ya samu. Turi kuwa ana ganinsa da ido: lanƙwasa siririn tiyo kamar U, zuba ruwa, haɗa a mashigar murhu. Kowane santimita ɗaya tsakanin ruwan ɓangarorin biyu kusan miliba ɗaya ne, wato ma'aunin turin gas. A Faransa murhun furofan miliba 37 yake so, na butan, gas irin na kwalabenmu, miliba 28. A Amurka inci 11 na ruwa ake nema.

Mai gyaran murhu, Kusiri: Na bi bayan turi. A ƙara da cewa sau biyu ake awo, murhu a kashe, sannan yana ci tare da duk abin da ke jan gas a gidan. In sai an kunna turin ke faɗuwa, a duba bututu ko ya yi siriri, ya yi tsawo ko ya lotse, ko detandar, na'urar da ke daidaita fitar gas daga tanki, ta yi ƙarama. Detanda tana da ƙaramar kafar numfashi, ƙanƙara kan toshe ta a ƙasashen sanyi, nan kuwa zanzaro. Kada a taɓa ƙusar daidaita wuta ta murhu kafin wannan awon. Yoyo kuma da ruwan sabulu ake nemansa, ba da ashana ba.

Mai fassara, Garwa: Madalla, "raunin turin gas" ya zauna. Detanda fa?

Mai gyaran murhu, Kusiri: Bar ta da sunanta, Malam, da shi ake sayenta a kasuwa. A farkon ambato ka sa "detanda, wato mai rage turi".