Dardumar gado: mu sallama ko mu ajiye?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Cikin kayan gadon mahaifinmu akwai babbar darduma, mita 3 da 2, da ya zo da ita daga Hajji a 1974. Asu ya ci gefe ɗaya kamar faɗin tafi. Wani dillali ya taya naira dubu 400. Mu sallama kafin rabon gado?

Alhaji Mai Kafet: Wa alaikumus salam Hajiya. Kife ta ki dubi bayanta. In saƙar hannu ce, ƙullin ba ya jeruwa daidai, kuma gezar zaren tsaye ne na saƙar kanta. Ta inji ɗinka mata geza ake yi. Ki tsinko zare ɗaya ki ƙona: ulu yana warin ƙonannen gashi ya murmushe, na roba narkewa yake ya dunƙule.

Ɗan Kurmi: Dubu 400? Alhazan lokacin ta inji suka fi kwasowa. Ko dubu 80 ba za ta yi ba.

Sani Dubai: Haba malam. In ta Tabriz ce ko Kashan, biranen saƙar darduma a Iran, ka ƙirga ƙulli a santimita 7. In ya kai 50, miliyoyi ake magana. A 2013 an sayar da wata ta Kerman, shi ma birni ne a Iran, dala miliyan 33.7 a New York.

Ɗan Kurmi: Waccan ta ƙarni na 17 ce. Masu harkar ba sa kiran darduma tsohuwa sai ta kai shekara 100. Kai turare kake sayarwa, me ya haɗa ka da darduma?

Baba Ado: Ku bar maganar kuɗi. Wasu maƙwabtanmu dillali ya ce su wanko tasu tukuna. Suka kai wurin masu wankin mota, aka zuba mata omo da bilic, aka feshe ta da injin ruwa. Jan ya malale cikin farin, aka shanya ta a kan siminti kwana uku, zaren audugar ciki ya ruɓe. Dillalin ya dawo ya ce ko kyauta ba ya so. Har yau yaya da ƙane ba sa gaisawa.

Alhaji Mai Kafet: Shi ya sa ake fara goga farin ƙyalle mai laima a kan kowane launi. In launin ya kama ƙyallen, kada ruwa ya taɓa ta. Kuma naɗe ta ake yi kamar tabarma, ba ninkewa ba, ba a cikin leda ba.

Ɗan Auta: Tamu dai akuya ce ta yi mata kuɗi, daga geza ta fara 😂

Maman Ilham: To batun cin asun fa? Yana karya kuɗin?

Baba Ado: Masu wankin nan ne matsalar. Ulu da roba duk buroshi ɗaya, in sun ɓata maka kaya su ce dama haka ka kawo shi.

Sani Dubai: Kuma dubu biyar suke karɓa yanzu.

Ɗan Kurmi: A unguwarmu dubu takwas ne, ban da kuɗin mai keke.