Hoton fatalwa: shin sai da sarƙaƙƙun ƙwayoyin haske yake yiwuwa?

Ɗalibar Fiziks:
Assalamu alaikum malamai. Ina neman ƙarin bayani a kan dabarar ɗaukar hoto da ake kira hoton fatalwa. Yadda na fahimta, ana raba haske gida biyu: kashi ɗaya ya ratsa abin da ake son ɗauka ya faɗa cikin na'ura mai ido ɗaya, wadda yawan hasken kawai take aunawa, ɗayan kuma ya tafi kyamara bai taɓa abin ba. To ta ina hoton yake fitowa? Kuma gaskiya ne sai da sarƙewar kwantam, wato alaƙa ta musamman da ke ɗaure halayen ƙwayoyin haske biyu ko da sun yi nisa da juna, hakan yake yiwuwa?

Malamin Ilimin Haske:
Wa alaikumus salam, Malama. Hoton ba ya cikin kyamarar, ba ya kuma cikin na'ura mai ido ɗaya. Yana cikin dangantakar da ke tsakanin abin da kowacce ta auna a lokaci guda. A gwajin farko, wanda Pittman da Shih da abokan aikinsu suka yi a Jami'ar Maryland ta gundumar Baltimore (UMBC), Amurka, a 1995, an haska leza cikin wani ƙiristal na musamman da ake kira BBO, inda ƙwayar haske ɗaya take rabewa ta zama tagwaye sarƙaƙƙu. Idan ɗaya ta bi wani gurbi, wurin da 'yar'uwarta za ta sauka sananne ne. Saboda haka ba a lissafa saukar ƙwaya a ɓangaren da bai ga abin ba sai idan 'yar'uwarta ta tsallake abin ta isa na'ura mai ido ɗaya. Da aka tara irin waɗannan haɗuwa masu yawa, sai haruffan UMBC da aka yanka a jikin faranti suka bayyana.

Injiniyan Na'urori:
Bayanin Malam daidai ne, amma tambaya ta biyu amsarta a'a ce. A 2002 Bennink da Bentley da Boyd na Jami'ar Rochester sun fitar da irin wannan hoto da hasken leza na yau da kullum, babu wata sarƙewa. A 2005 kuma an maimaita shi da leza da aka ratsa da ita ta cikin gilashi mai kaushi yana juyawa, wanda yake watsa hasken ya zama ɗige-ɗige masu sauyawa, sannan a raba su kwafi biyu iri ɗaya. Abin da ya fi ƙarfi a wurina shi ne shawarar da Jeffrey Shapiro na jami'ar MIT ta Amurka ya kawo a 2008: tunda kwamfuta za ta iya tsara zanen hasken da kanta, ta riga ta san abin da kyamarar za ta gani, don haka a cire kyamarar ɗungurungum. Bromberg da Katz da Silberberg sun tabbatar da hakan a Cibiyar Kimiyya ta Weizmann da ke Isra'ila a 2009. Idan hanyar haske ɗaya ce tal, ina tagwayen da za su sarƙe?

Malamin Ilimin Haske:
Na yarda, Injiniya, sai dai kada a ɗauka hanyoyin biyu ɗaya suke. Hoton da aka yi da ɗige-ɗigen haske yana zuwa ne a kan wani hazo da dole a cire shi da lissafi, alhali na tagwaye yana fitowa tas ko da hasken kaɗan ne ƙwarai. Haka kuma tagwayen ba lalle ne launinsu ya zama ɗaya ba: a Jami'ar Glasgow a 2015 an haska abu da hasken da ido ba ya gani mai tsawon zango nanomita 1550 (tsawon zango ne ke nuna launin haske), kyamara kuwa ta ɗauki hoton da mai nanomita 460.

Injiniyan Na'urori:
Wannan haka yake. Abin da zan ƙara wa ɗalibarmu shi ne, dabarar tana cin lokaci. Hoto mai ɗigo 64 a tsaye da 64 a kwance yana buƙatar zanen haske daban-daban 4096 idan za a auna shi cikakke, ko da yake lissafin matse bayanai yana rage adadin sosai. Shi ya sa ba ta gogayya da kyamarar waya. Amfaninta yana inda kyamara mai kyau take da tsada ko wuyar samu, ko inda ake son rage hasken da zai taɓa abin, wanda shi ne burin masu gwada ta da hasken eksire tun 2016.