Kuɗin inshorar yara ya sake tashi, maigida ya ce a cire biyu daga cikinsu

Maman Khalil (Houston): Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sani a taimaka min da shawara. Maigidana yana aiki a wani ƙaramin kamfani a nan Amurka, ma'aikatan ba su kai hamsin ba. Kamfanin ke biya masa nasa kuɗin inshorar lafiya, amma nawa da na yaranmu huɗu daga albashinsa ake yanka. Takardar sabuntawa ta zo, an yi ƙarin kusan dala 200 a wata, kuma da na duba layin kowa sai na ga na babban ɗanmu da ya cika 15 ya fi tashi. Yaron nan ko mura ba ta cika kama shi ba. Maigida ya ce a cire manyan biyu, a bar ƙananan tunda auta tana da sikila. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ba cewa aka yi Obamacare, dokar inshorar lafiya ta zamanin Obama, ta zo da sauƙi ba? Ina mafita?

Abu Hanifa (Columbus): Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a cire kowa, ku sake duba takardar da kyau. A inshorar ƙananan kamfanoni da wadda mutum ke saya da kansa, ƙa'idar tarayya ita ce yara uku mafiya girma 'yan ƙasa da shekara 21 kawai ake caji. Ke nan autarku a yanzu kyauta take ciki. Kuka cire ɗaya, ita za ta hau gurbinsa, abin da zai ragu ɗan bambancin shekaru ne kawai. Kuka cire biyu, kuɗin kusan mutum ɗaya za ku tsira da shi, alhali kun bar yara biyu a fili.

Batun ɗan 15 kuwa, ba lafiyarsa suka duba ba, doka ma ta hana. Shekarunsa ne. Daga 2014 zuwa 2017 duk wanda bai kai 21 ba kuɗi ɗaya ake cajinsa, kashi 63.5 cikin ɗari na abin da ɗan shekara 21 ke biya. A 2018 aka sauya ma'aunin: daga jariri zuwa ɗan 14 ya koma kashi 76.5, ɗan 15 kashi 83.3, haka yake hawa duk shekara har ya kai 97 a shekara 20. To ga wannan, ga kuma ƙarin da kamfanonin ke yi wa kowa duk shekara. Ku sa a ranku baɗi ma zai ƙaru, mai bi masa ma yana tafe.

Alhaji Direba: Ni fa tun da aka kawo dokar nan ban ga ranar da kuɗi ya sauka ba. Ana tatsar masu lafiya ne kawai. Tunda an daina cin tarar rashin inshora tun 2019, ki cire su Hajiya, ki riƙa ajiye kuɗin a gefe. Allah ne mai tsarewa.

Anti Nas (Maryland): Alhaji, Allah ne mai tsarewa, amma ai cewa aka yi ka ɗaure raƙuminka. Gaskiya ne babu tarar tarayya yanzu, kuma Texas ba ta da tata. Sai dai ɗan shekara 15 mai buga ƙwallo, karaya ɗaya da za a shiga da shi tiyata ta isa ta cinye ajiyar shekaru. Ina aiki a ɓangaren yara, ina ganin iyaye rungume da takardun bashi.

Kuma a yi wa dokar adalci. Kafin Satumbar 2010 kamfani na iya ƙin karɓar yarinya irin autar Maman Khalil, ko ya karɓe ta ya ce ban da duk abin da ya shafi sikila, ko ya sa iyakar abin da zai kashe mata a rayuwa. Da aka hana su haka, wasu kamfanonin daina sayar da inshorar yara zalla suka yi gaba ɗaya a jihohi da dama. Tsadar da muke kuka da ita, wani ɓangarenta kuɗin buɗe wa irin waɗannan yaran ƙofa ne. Ban ce babu zafi ba.

'Yar uwa, duk inda za ki koma, fara kiran asibitin da ke duba auta ki tambaya ko suna karɓar sabuwar inshorar, sannan ki duba ko hydroxyurea na cikin jerin magungunanta in tana sha. Akwai kuma hoton jijiyoyin kai da ake yi wa masu sikila duk shekara daga 2 zuwa 16, kada sauyin ya sa a tsallake shi. Masu kiran waya da inshorar gajeren zango mai araha, ki guje su. Ba sa ɗaukar ciwon da aka shigo da shi.

Maman Khalil: Na gode ƙwarai Anti. Wallahi na duba, layin auta sifili ne, da na ɗauka mantuwa suka yi har ina tsoron tambaya. To amma kuɗin dai ya fi ƙarfinmu.

Baban Zara (Dallas): Kun taɓa gwada CHIP, shirin inshorar lafiyar yara na gwamnati? Da yawa cikinmu na ɗauka sai wanda ba ya aiki. Tun 1997 aka kafa shi domin iyalan da samunsu ya wuce na Medicaid (inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi) amma bai kai su sayi inshora ba. A nan Texas iyakar tana wajen ninki biyu na ma'aunin talauci, kuma ma'aunin da yawan mutanen gida yake tafiya. A 2025 na gida mai mutum shida dala 43,150 ne, ki ninka biyu ki gwada da abin da ke shigo muku kafin haraji. Kuɗin rajista bai wuce dala 50 a shekara ga gida duka, sai ɗan abin da ake bayarwa in an ga likita. Har da haƙori da ido, kuma yaro na ciki har ya cika 19. Ana nema kowane lokaci, ta shafin Your Texas Benefits ko ki kira 211. Abu ɗaya: CHIP na yaran da ba su da wata inshora ne, saboda haka ki tambaye su yadda za a jera ranakun. Kada a cire su daga ta kamfani sai amsa ta zo a rubuce.

Hajiya Bronx: Mu nan New York ba a caji da shekaru, kuma akwai Child Health Plus da ke ɗaukar yaro ko da wace irin takardar zama a ƙasa yake da ita. Ku dawo cikin dangi mana, Maman Khalil, sai dai kuɗin haya zai rama muku.

Abu Hanifa: In samunku ya haura na CHIP, akwai sauran hanya. A da, in inshorar maigida shi kaɗai tana da sauƙi a wurin aiki, ana hana matarsa da 'ya'yansa tallafin gwamnati ko da nasu kuɗin ya kai ina. An gyara wannan daga 2023. Yanzu in na iyali duka ya wuce wajen kashi 9 zuwa 10 na samun gida, ke da yaran za ku iya neman tallafi a HealthCare.gov, shi ya zauna a ta kamfani. Amma ku yi lissafi da biro, don ƙarin tallafin da aka kawo a 2021 wa'adinsa ya ƙare a ƙarshen 2025. Kada kuma ku tsaya kan kuɗin wata kaɗai, ku duba nawa za ku fara biya daga aljihu kafin inshorar ta sa hannu. Ga mai sikila nan ne gizo ke saƙa.

Maman Khalil: Allah ya saka da alheri. Na ninka, da alama muna ƙasa da iyakar da kaɗan. Sai dai wa'adin kamfani Juma'a mai zuwa ne, amsar CHIP ba za ta zo kafin nan ba. Mu sa hannu ko mu jira?

Baban Zara: Ku sa hannu da yaran duka huɗu. Amma gobe maigida ya tambayi mai kula da ma'aikata ko za su bari a cire su tsakiyar shekara in CHIP ta karɓe su, ya ce a ba shi amsar ta imel.