Karatun aikin jinya da renon ƙananan yara ga wanda ba shi da abokin zama

Mai neman shawara: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na samu gurbin karatun aikin jinya, ga ni da yara biyu, babbar tana shekara 5, ƙaramin bai cika 2 ba, kuma tun rabuwarmu da mahaifinsu ni kaɗai ke ɗauke da nauyinsu. Ina roƙon waɗanda suka bi wannan hanya su faɗa mini inda ta fi tsauri, domin in shirya tun kafin a fara.

Nas, uwar yara uku: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba littafi ne zai kayar da ke ba. Ni sunayen ƙasusuwa 206 na jikin baligi na haddace su ne daga 'yan takardun da na manna a bangon inda nake wanke-wanke, lissafin ƙimar magani kuwa sai yara sun yi barci nake zama a kansa. Abin da ya kusa raba ni da karatun shi ne lokacin da aka tura mu ɗakunan marasa lafiya, domin ana miƙa aikin safe tun gidan reno bai buɗe ba, aikin dare kuma babu mai renon da ta yarda da shi, sannan duk sa'ar da ɗaliba ta rasa sai ta rama kafin a sa mata hannu a littafin aiki. Wata asuba ɗana ya tashi jikinsa kamar wuta, ma'auni ya nuna 39, mai reno ta ce ba za ta haɗa shi da sauran yara ba, kuma gaskiyarta ce. Kwana uku na rasa, na rama su lokacin da abokan karatuna ke hutu. Ki nemi mutum biyu tun yanzu: mai riƙe su kullum, da wadda za ki buga wa waya kafin gari ya waye ba tare da jin nauyi ba.

Uba, ɗalibin gwaje-gwajen asibiti: Matata ta rasu ta bar mini yarinya 'yar shekara 3. Kuskurena shi ne na ɓoye halin da nake ciki, har aka ɗauke ni mai sakaci. Da na yi wa mai kula da mu bayani, sai aka riƙa ba ni jadawali da wuri. Ki kammala allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B kafin ki fara taɓa jini. 'Yata ta san ba a rungumar Baba sai ya cire yunifom ya wanke hannu, takan tsaya bakin ƙofa tana jira.

Ɗalibar ungozoma: Yaya nas ta faɗi gaskiya, amma ni mutum biyun ma ba su ishe ni ba. Na fara da jariri ɗan wata huɗu, ina so ya cika wata shida a kan nono zalla, saboda haka nake tatsa a ɗakin sauya kaya in sa a firji, tunda nonon da aka tatsa ba a barinsa a waje fiye da kimanin awa huɗu. Rashin barci ya kai ni ga karanta lambar awon jinin wata mai juna biyu sau uku ban fahimta ba, kuma a ranar na nemi a ɗage mini karatu na shekara ɗaya. Na dawo, yanzu ina shekarar ƙarshe. Ki tambayi ƙa'idar ɗage karatu tun ranar rajista.

Mai neman shawara: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙanwata ta amince da kwanakin aikin dare, mutum na biyun ne ban samu ba tukuna. Yaya nas, kwana nawa kafin a fara ake ba ku jadawalin aiki?