Tokumbon ofis ko haɗin hannu? Muhawara kan kwamfutar gem ta yaro

Yaya: Salamu alaikum. Yaron nan ya kai izu ashirin, kuma na yi masa alkawarin kwamfutar gem. Kuɗin ba yawa. So nake a samu wadda za a riƙa ƙara mata kaya a hankali.

Kawu: Wa alaikumus salam. Ka je Beirut Road a Kano ka ɗauko tokumbon kwamfutar ofis, Dell ko HP, a sa mata katin hoto, wato na'urar da ke sarrafa hoton gem. Babu abin da ya kai wannan araha. Ɗan shekara 10 mai Minecraft da Roblox, me zai yi da fiye da haka?

Auta: Kawu, Allah ya ƙara girma. A araha ka yi gaskiya, a ƙarin kaya ne ban yarda ba. Yawancin ƙananan nan akwatinsu siriri ne, sai guntun kati irin GTX 1650 mai shan wuta daga madabod kawai, wato babban faifan da ake jona komai a kansa. Na'urar wutarsu ƙarama ce, kuma sau da yawa fulogin na kamfanin ne, ba za ka sayo wata a kasuwa ka jona ba. Ranar da yaro ya ce gem ɗin ƙwallo yake so, ta tsaya ke nan. Ga kuma Windows 10 da aka daina tallafa wa tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuwa firosesar (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Intel ƙarni na 8 zuwa sama take nema.

Kawu: To sai a nemi ta ƙarni na 8 ɗin.

Auta: Akwatin da wutar fa? Ni shawarata a haɗa da hannu: firosesar Ryzen 5 5600G a kan madabod B550. Hoton yana cikin firosesar, a fara ba kati. RAM (ma'ajiyar wucin gadi) guda biyu, 8GB kowanne, kada a sa ɗaya, don hoton daga RAM yake ci. SSD na ajiyar bayanai, da na'urar wuta mai kyau wat 550. Kati ya zo baɗi in an samu hali.

Kawu: Mazaunin firosesa na B550 ɗin nan, wato AM4, tun 2016 yake, magajinsa AM5 ya fito a 2022. Kai ma tsohon gida kake ginawa.

Auta: Haka ne, amma AM5 sai sabon RAM na DDR5, kuɗin ya haura. Kuma a AM4 akwai sauran hawa har firosesar 5800X3D.

Anti: Ku duka kun manta da wuta. In aka ɗauke tana tsakar aiki, kullum kullum, wace ce za ta jure? Ga zafin Afrilu, ga ƙurar hunturu. Ni da laftof na sani, batirinta na jikinta.

Auta: Anti, laftof RAM da SSD kawai ake canja mata, wata ma RAM ɗin a like yake. Amma maganar wuta gaskiya ce, dole UPS, mai riƙe wuta in an ɗauke, ya shiga lissafi tun farko.

Kawu: Ka gani? Da UPS da allo, lissafinka ya wuce aljihun mutumin. Ina nan kan bakana.

Yaya: Auta, ranar Asabar mu shiga kasuwa tare, a yi farashin duka biyun, kowanne da UPS ɗinsa. Kawu, zan turo maka lissafin kafin in biya.